Wai sai da takardar tambayoyi bincike yake zama "emfirikal"?

Zainab T/Wada: Assalamu alaikum. Malamai da yayye, ina neman a warware min wani abu. Ina digiri na biyu, aikina a kan adashen mata ne a Tudun Wada da Unguwar Sanusi. Na zauna da iyayen adashe, na duba littattafan da suke rubuta zubi da kwasa, na yi hira da masu zubi, ranar kwasa ma ina wurin. Da na gabatar da aikin, wani malami a cikin kwamitin ya ce wannan ba emfirikal ba ne, tunda babu takardar tambayoyi, babu teburin alƙaluma. Mai duba aikina bai ce uffan ba. Don Allah mece ce ma'anar kalmar nan? Kowa yana faɗinta, amma kowa da abin da yake nufi.

Abba Kawo: Wa alaikumus salam. Anti Zainab ki yi haƙuri, malamin nan yana kan hanya. Ni sana'ata ke nan, babi na huɗu na furojet, wato na nazarin alƙaluma, nake yi wa ɗalibai da manhajar SPSS. In an ce emfirikal, ana nufin kin fita kin raba takarda, mutane sun cike, an shigar a kwamfuta, an fitar da kaso da matsakaici, an gwada hasashe an ga ya tsaya ko ya faɗi. Hira kuwa labari ce, kowa ma zai iya ba da labari. Ki tsara tambayoyi kamar ashirin, ki buga kwafi 400, ki huta da ciwon kai.

Dakta Hauwa Malali: Abba, me ya sa 400? Me ya hana 250?

Abba Kawo: Abin da lissafin Taro Yamane na fitar da yawan mutanen da za a tambaya yake bayarwa ke nan, ranki ya daɗe.

Dakta Hauwa Malali: Na san a nan za ka faɗo. Lissafin nan, muddin ka sa kuskuren kashi 5 cikin 100 kamar yadda kowa yake sawa, ba ya wuce 400 komai yawan jama'a. Mutum 200,000 zai ba ka 399, miliyan ɗaya zai ba ka 400. Shi ya sa duk furojet ɗin da ka ɗauko a ɗakin karatu, ko 399 ko 400. Kuma akwai sharaɗi: sai an zaɓo mutanen ta hanyar ƙuri'a, yadda kowa yake da damar a faɗo kansa. Wanda ya tsaya a bakin Kasuwar Barci yana miƙa wa duk wanda ya yi masa fara'a bai cika wannan sharaɗin ba, ko da ya raba dubu.

Zainab, ga amsarki. Kalmar tana magana ne a kan inda hujjarki ta fito. Asalinta Girkanci ne, daga kalmar da ke nufin sanin da mutum ya samu ta gogewa da gani. Bincike yana amsa wannan suna idan amsar tambayarsa tana can waje cikin duniya, sai an je an duba, an saurara, an auna ko an ƙirga kafin a same ta. Ɗaya ɓangaren shi ne aikin da ake gamawa a zaune da hujjar hankali, irin na mai lissafi da zai tabbatar miki kusurwoyin alwatika sun haɗa digiri 180 ba tare da ya ɗauki ma'auni ba, ko mai falsafa da ke warware ma'anar adalci. Shi ma ilimi ne, hanyarsa ce daban.

To da alƙaluma da hira da zaman lura, duk suna ƙarƙashin inuwar emfirikal. Malaminku ya ɗauki reshe ɗaya ya sa masa sunan bishiyar gaba ɗaya. Wannan rikicin ya yi yawa a sassanmu, har na gaji da faɗa a wurin taro.

Injiniya Bala: Abba, tsakaninka da Allah, cikin 400 ɗin nan da ake kawo maka, nawa ne aka cike a gindin darbejiya da biro kala uku?

Abba Kawo: Injiniya ka fara ko. Ni abin da aka kawo min nake shigarwa, ba ni nake fita fili ba. Kuma don wasu suna maguɗi ba zai sa hanyar ta lalace ba. Mai hira ma ai zai iya ƙirƙiro maganar da ba a faɗa masa ba, wa zai kama shi? Alƙaluma ko ba komai ana iya sake lissafa su.

Dakta Hauwa Malali: Wannan maganar taka ta ƙarshe tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Ma'aunin ke nan: wani zai iya bin sawunka ya duba? Shi ya sa mai hira yake ɗaukar murya da izinin mai magana, ya rubuta rana da wuri, ya ajiye. Zainab, kina da waɗannan?

Zainab T/Wada: Ina da su, Dakta. Har hotunan shafukan littattafan na ɗauka, bayan na rufe sunaye. Kuma abin da ya fi ba ni haushi, abin da na gano takardar tambayoyi ba za ta taɓa fito da shi ba. Duk matar da na tambaya ko ta taɓa fashin zubi, sai ta ce wane ita, Allah ya kiyaye. Amma littafin wata uwar adashe, irin ɗan littafin makarantar nan mai fallaye arba'in, ya nuna wani abu daban. Kowace mace da layinta, kowane zubi da ɗan karan biro shuɗi. Jefi-jefi sai in ga karan ja ne, an zagaye shi. Na tambaye ta, ta yi dariya ta ce nan ne ta cike wa mai layin daga aljihunta don kada kwasa ta yi giɓi, in an biya ta sai ta soke zagayen. Jajayen nan sun fi taruwa a ƙarshen azumi da lokacin komawa makaranta. Masu zubin ba ƙarya suke min ba, a wurinsu tunda an cike ai ba a yi fashi ba. Da "na yarda sosai, na yarda, ban yarda ba" na ba su, duk amsa ɗaya zan kwaso.

Baba Garba Mai Ritaya: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, kin tuna min da aikinmu. Lokacin da na shiga aikin malamin gona, abin da aka ɗora mu a kai shi ne manomi ya daina cakuɗa shuka. Gero zalla, ko dawa zalla, ko auduga zalla, layi ɗaya tsaf. Wanda ya yi gicci, ya sa gero da dawa ya bi da wake a tsakani, sai mu ce bai waye ba. Kuma a filin gwaji maganar tana da kamar gaskiya, domin in ka auna dawa kaɗai, gonar dawa zalla ta fi ba da dawa.

Akwai wani Bature masanin tattalin arzikin noma, David Norman, da ya yi aiki a Samaru. A tsakiyar shekarun 1960 shi da ma'aikatansa suka ɗauki ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna komawa gidajen manoma a kai a kai har shekara ta zagayo. Wa ya je gona, awa nawa ya yi, me aka shuka, me aka girbe, nawa aka sayar. Da aka tattara, sai ga shi in aka haɗa darajar duk abin da gonar haɗi ta bayar, ta fi ta shuka ɗaya a kowace eka, kuma ta fi tsare mutum daga asara in damina ta yi gardama. Sun kuma nuna abin da ya fi ɗaure manomi shi ne ƙarancin hannu a watannin Yuni da Yuli, lokacin noman firi da maimai. Manomin nan da muke wa kallon jahili lissafinsa daidai yake.

Abba, ka lura, alƙaluma ne fal a aikin nan. Amma daga bakin gona aka ɗebo su, da sawu da haƙuri.

Abba Kawo: To Baba ai ka goyi bayana ke nan. Da Baturen hira kawai ya yi, wa zai yarda? Lamba ce ta sa aka saurare shi.

Baba Garba Mai Ritaya: Lamba ta taimaka, ban musa ba. Sai dai kafin ya san abin da zai ƙirga, sai da aka zauna da manoma aka ga yadda suke aiki. Da daga ofis aka tsara tambayoyin, da tambayar ita ce "me ya hana ka karɓar noman zamani?"

Sista Rifkatu Barnawa: Ku bari in ƙara muku ruɗani. Mu a asibiti kalmar tana da wata fuskar. In likita ya ce a fara magani emfirikal, yana nufin a fara tun sakamakon gwaji bai fito ba, bisa abin da aka saba gani. An kawo yaro da zazzaɓi mai zafi, wuya ya sanƙare, ana zargin sanƙarau. Ba za a zauna jiran a shuka ƙwayar cuta a ɗakin gwaji ba, wannan yana cin kwanaki, yaron ba shi da kwanakin. Sai a fara allurar da aka san ta fi kama ƙwayoyin da ke kawo ciwon, in sakamako ya fito a gyara. Kun ga a wurinku kalmar tana nufin an tabbatar, a wurinmu tana nufin ba a kai ga tabbatarwa ba tukuna.

Injiniya Bala: Ashe mai kemis ɗin unguwarmu babban mai bincike ne. Ko ciwon haƙori ka kai masa, malariya da taifot ne.

Sista Rifkatu Barnawa: Injiniya, wannan kasuwanci ne. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin malariya, kuma ɗan abin gwajin nan na yatsa minti 15 zuwa 20 yake ɗauka. Inda gwaji yake a hannu haka, babu uzurin cinta. Abin da nake magana a kai shi ne inda jira zai kashe.

Dakta Hauwa Malali: Sista, tushen ɗaya ne ai. Tun zamanin Girkawa akwai wani rukunin likitoci da ake kira da wannan suna, waɗanda suka ce su ba ruwansu da dogon bayanin abin da ke faruwa a cikin jiki, abin da suka ga ya warkar shi za su maimaita. Ku kun gaji kalmar ta wannan hanyar, mu kuma ta hanyar masu kimiyya. Duka dai gogewa ce ake dogaro da ita.

Malam Nuhu Unguwar Sarki: Assalamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu. Kada yaranmu su ɗauka wannan rabe-raben daga Turai ya faro. Malaman aƙida sun daɗe da cewa hanyoyin sani uku ne: gaɓoɓi masu lafiya irin ido da kunne, da ingantaccen labari, da hankali. Abin da kuke tattaunawa na farkon ne. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajajen 965 ya rasu a Alƙahira wajajen 1040, ya samu magabata da yawa suna cewa haske daga ido yake fita ya taɓa abu. Bai tsaya ga girman sunansu ba, ya yi ta gwaji da ɗaki mai duhu da ƙaramar kafa, ya kafa hujja cewa haske ne yake shigowa ido.

Amma ina da ja a kan masu cewa gani ya kori ji, shi ke nan an gama. Ido ma yana ruɗuwa. Duk wanda ya bi hanyar Zariya da tsakar rana a watan Afirilu ya ga ruwa kwance a kan kwalta, ya isa ya tarar babu komai. Haka ganin wata: mutum zai rantse ya gani, kuma ba maƙaryaci ba ne, amma a tambaye shi ta ina, ƙarfe nawa, ƙahonninsa ina suka fuskanta, sai maganar ta warware. Shi ya sa ake tantance shaida. Gani ba tare da ƙa'ida ba bai zama bincike ba.

Malam Yohanna Kakuri: Malam Nuhu ya kawo ni inda nake so. Ni kimiyyar sinadarai nake koyarwa a sakandare, mu ma muna da kalmar: siffar sinadari ta emfirikal, wato mafi ƙanƙantar rabon da awo ya nuna, kamar sukarin gulukos da yake C6H12O6 amma rabonsa CH2O. Wannan a gefe. Ra'ayina shi ne, in ba ka yi gwaji ba, wato ka riƙe komai ka canza abu ɗaya ka ga abin da zai faru, to kallo kawai ka yi. Dakta ki gafarce ni, amma zama da mata ana duba littafi bai kai a kira shi kimiyya ba.

Dakta Hauwa Malali: Malam Yohanna, in haka ne sai ka kori masu ilimin taurari gaba ɗaya, don babu wanda ya taɓa riƙe rana ya canza mata wuri.

Ga misali. A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa a Landan, ta kashe mutum sama da 600. A lokacin yawancin likitoci sun yarda gurɓatacciyar iska ce take kawo ta. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda aka yi rashi da inda suke ɗiban ruwa, sai ya ga mace-macen sun taru a kewayen famfon tuƙa-tuƙa guda ɗaya a Broad Street. Abin da ya fi ƙarfafa hujjar shi ne waɗanda suka saɓa wa tsarin. Ma'aikatan wani kamfanin giya da ke kan titin ba su kamu ba, ashe ba ruwan famfon suke sha ba. Wata mata kuma da ke zaune nesa da unguwar ta mutu, ashe ruwan famfon ake kai mata har gida don tana son ɗanɗanonsa. Aka cire hannun famfon. Bai ba kowa gurɓataccen ruwa don gwaji ba, kuma a lokacin ba a ma yarda ƙwayar cuta ce sanadi ba.

Haka sigari da kansar huhu. Richard Doll da Bradford Hill sun fitar da bincikensu a 1950, daga 1951 kuma suka shiga bibiyar likitocin Birtaniya shekara da shekaru. Wa zai tara mutane ya ce rabi su sha taba shekara talatin don a gwada?

Mu dawo gida. A 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, da jijjiga, kuma maganin malariya ba ya yi musu komai. Aka lura a cikin gidaje ake niƙa duwatsun da ake fitar da zinare. Daga nan aka auna jini da ƙasa, aka tabbatar gubar dalma ce. Yara sama da 400 suka rasu. Lura ce ta nuna inda za a kai ma'aunin.

Malam Yohanna Kakuri: Na ji, amma kin ga a Zamfara sai da aka auna jini kafin magana ta tsaya. Lura tana nuna abu biyu suna tafiya tare, ba ta isa ta ce wannan ne ya haifi wancan ba.

Dakta Hauwa Malali: Gaskiya ne gwaji ya fi ƙarfi wajen tabbatar da sanadi, inda zai yiwu. Wannan muhawara ce a kan wace hanya ta fi ƙarfi. Tambayar da aka yi ita ce wanne ne emfirikal, kuma duka biyun ne.

Maman Hanif: Ni dai ku taimaka min da babi na biyu na furojet ɗina. An ce in yi bitar ayyukan emfirikal, na kwaso ma'anonin da marubuta suka bayar, an dawo min da shi da jan biro.

Dakta Hauwa Malali: Ma'anoni wani sashe ne daban. A nan ana son ayyukan waɗanda suka fita suka tattaro bayanai: wane ne, a wace shekara, a ina, mutum nawa, ta wace hanya, me ya samu, me ya bari. In takarda ba ta da sashen hanyar bincike da sakamako, ki mayar da ita wancan sashen.

Shamsu Badarawa: To mu 'yan tarihi fa? Ni ban ga komai da idona ba, waɗanda nake rubutu a kansu sun daɗe a ƙasa. Kullum ina tsakanin gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke nan Kaduna da Arewa House, ina karanta rahotannin Di'o-Di'o a kan haraji da jangali. Masu tono kayan tarihi daga ƙasa na gane nasu, tunda tun 1928 da masu haƙar kuza suka fara cin karo da gumakan yumɓu a Nok, abu ne da ake riƙewa a hannu a auna shekarunsa. Har ragowar kakin zuma an gano a jikin tukwanensu. Ni kuwa takarda ce a gabana. A layin Malam Nuhu, ina ganin a "labari" na faɗa.

Malam Nuhu Unguwar Sarki: A labari ka faɗa, Shamsu. Aikinka tantance mai ba da labarin ne.

Dakta Hauwa Malali: Ni kuma zan ce yana ciki. Fayil ɗin abu ne da yake wanzu, da lambarsa, wani zai iya zuwa ya buɗe ya ƙaryata shi. Kuma amsar tambayarsa ba ta fitowa daga tunani, sai ya je ya duba. Malam, a nan mun rabu.

Malam Nuhu Unguwar Sarki: Takardar ya gani, Dakta, shanun bai gani ba.

Baba Garba Mai Ritaya: Shi ma Di'on bai gansu ba, Malam. Shamsu, ɗana, ka yi hattara da alƙaluman jangalin nan. A lokacin kuɗi ake biya a kan kowace saniya, to wa zai jero garkensa duka a ƙirga? Da an ji masu ƙirga sun doso, a kora rabi cikin daji, ko a tsallaka da su wata gunduma sai ƙura ta lafa. Wani lokacin da sanin mai unguwa, an san yadda aka yi da shi. Abin da ke cikin fayil ɗinka adadin shanun da aka biya wa kuɗi ne. Ko a 1990 da aka yi ƙidayar dabbobi ta ƙasa, da ƙananan jirage aka bi sama ana ƙirga garke, aka kuma tura mutane ƙauyuka don na cikin gida da ba a hangowa daga sama, sannan aka ce shanu sun kusa miliyan 14.

Shamsu Badarawa: Baba, to ya zan yi da teburin da na riga na haɗa? Akwai gundumar da adadin ya faɗi warwas a shekara ɗaya, har na fara rubuta cewa bushiya ce.

Baba Garba Mai Ritaya: Tana iya zama bushiya. Amma kafin ka rubuta, nemo rahoton likitan dabbobi na wannan shekarar ka ga ko ya ambace ta. Sannan ka duba ko a shekarar aka ƙara kuɗin jangali, ko aka canza hakimi, ka kuma buɗe fayil ɗin gundumar da ke maƙwabtaka ka ga ko nasu adadin ya yi tsalle.